Tara Gudummawa Ta Waya: Jagora Ga Ƙungiyoyin Agaji Da Kwamitocin Unguwa

A watan Janairun 2010, da girgizar ƙasa ta ragargaza Haiti, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta nemi mutane su tura kalmar HAITI zuwa lambar 90999. Duk wanda ya tura, sai a ɗora masa dala 10 a kan kuɗin wayar da zai biya a ƙarshen wata. Ta wannan hanya kaɗai aka tara sama da dala miliyan 30. Tun daga nan, da wuya a yi taron ƙungiya kan neman taimako ta waya ba a sami wanda zai ce mu ma a samo mana irin wannan gajeriyar lamba ba.

Idan ƙungiyarku ƙarama ce ko matsakaiciya, ku ajiye wannan tunani a gefe. A can mutane a wata-wata suke biyan kuɗin waya, mu nan kati muke sawa, kuma wayar mutum da yawa ba ta kwana da naira 200 a ciki. Gajeriyar lamba a Najeriya hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ce ke bayar da ita, kuma sai kun bi ta hannun kamfani mai lasisi, ku biya kuɗin haɗawa da na haya, sannan a ɗaura ta a kan kowane layi daban. Abin da aka cire daga katin mai bayarwa ba ya iso muku cif-cif, kamfanin waya da kamfanin tsakiya suna da kasonsu, saura kuma sai an yi lissafi kafin ya zo. Ga wani abu: mutanenmu sun sha cizo a hannun gajerun lambobin da ke cinye musu kati da sunan waƙar kira ko labarin ƙwallo, don haka ganin lambar kawai yana sa su ja baya.

Abin da ya fi kama da halinmu shi ne na Kenya a 2011, lokacin da aka kafa gidauniyar taimakon masu fama da fari, jama'a suka riƙa turawa ta M-Pesa, wato tsarin ajiya da tura kuɗi ta waya. Kuɗin daga asusun mutum yake fita kai tsaye zuwa asusun gidauniya. Wannan shi ne tsarin da za a bi a nan: saƙon tes ko na WhatsApp ya kai labari da lambar asusu, kuɗin kuma ya biyo ta banki, ko manhaja, ko hannun mai POS.

Mataki na farko: asusu da sunan ƙungiya

Kafin a tura ko da saƙo ɗaya, a fara da takardu. Ƙungiyar agaji tana yin rajista a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, a matsayin amintattu, ƙarƙashin Sashe na F na dokar kamfanoni, wato CAMA, ta 2020. Ana buƙatar amintattu biyu ko fiye, da kundin tsarin ƙungiya, da sanarwa a jaridu wadda ake ba kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan satifiket ya fito, sai rajistar SCUML, wato sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Banki zai nemi wannan takarda, da lambar haraji, da BVN na masu sa hannu kafin ya buɗe muku asusu.

Na san akwai gajiya a ciki, amma ku dubi abin da ke faruwa a hannun mai bayarwa. Ya karanta saƙonku, zuciyarsa ta motsa, ya danna lambobi goma na asusun. Kafin ya sa lambar sirri, banki zai nuna masa sunan mai asusun. A wannan daƙiƙa ake samun gudummawa ko a rasa ta. Idan saƙo ya ce gidan marayu, allon waya kuma ya nuna sunan wani mutum da bai taɓa ji ba, sai ya ce bari ya tambaya tukuna, kuma daga nan shi ke nan.

Asusun mutum ɗaya yana da wasu matsalolin ma. Asusu mai matakin farko, irin wanda ake buɗewa cikin minti biyar a waya, ƙa'idar Babban Banki ta sa ba ya riƙe sama da naira 300,000, mai mataki na biyu kuma naira 500,000. Ranar da jama'a suka fi turowa, ranar ce kuɗi zai fara komawa ga masu shi ko ya maƙale. Sannan rai a hannun Allah yake. Idan ma'aji ya rasu da kuɗin marayu a asusunsa, banki magada ya sani, bai san ƙungiya ba, kuma rabe kuɗin jama'a daga gado rigima ce da kan raba zumunci.

Wajen buɗe asusun, ku sa sharaɗin cewa sai mutum biyu sun sa hannu kafin kuɗi ya fita. Kada ku karɓi katin ATM a kansa, kuma ku ce a rufe cire kuɗi ta USSD, wato lambobin nan da ake dannawa a waya masu farawa da * su ƙare da #. Ku nemi alat ya riƙa zuwa wa mutum biyu aƙalla, ma'aji da wani wanda ba ya cikin masu sa hannu. Idan za ku karɓi zakka, ku buɗe mata asusu daban, domin an fayyace waɗanda ake ba ta a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ba kamar sadaka ba da za a iya gyara rufin aji da ita. Kuɗi idan suka cakuɗe a asusu ɗaya, ba mai iya rantsuwa cewa wannan na zakka ne.

Idan abin gaggawa ne kuma ba ku da rajista, misali mara lafiya da ake jira a yi wa aiki, ku raɓu da wata ƙungiya mai rajista ko kwamitin masallacin Juma'a da aka sani, a yi amfani da asusunsu bisa yarjejeniya a rubuce. In hakan bai samu ba, asusun haɗin gwiwa na mutum biyu ko uku da unguwa ta yarda da su ya fi na mutum ɗaya.

Ku kuma ware layin waya guda na ƙungiya. Tunda kowane layi yana ɗaure da NIN ɗin wani, a rubuta a littafin taro cewa layin mallakar ƙungiya ne. A riƙa amfani da shi ko ba a neman taimako, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani.

Mataki na biyu: ku bi hanyar kuɗin da kanku

Ku ɗauki ƙaramar waya mai madannai, ba babbar wayar sakatare ba, ku tura naira 100 zuwa asusun daga bankuna daban-daban. Mai asusu a First Bank zai danna *894#, na GTBank *737#, na UBA *919#, na Zenith *966#, na Access *901#, mai OPay kuma *955#. Ku duba yadda sunan ƙungiya ke fitowa. Dogon suna allon ƙaramar waya kan yanke shi, to ku san inda yake yankewa don ku faɗa wa mutane abin da za su gani.

Ku san cajin da ke kan mai bayarwa. A ƙa'idar da Babban Banki ya sa a 2020, tura kuɗi zuwa wani banki naira 10 ne idan bai wuce 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, naira 50 a sama da haka, ban da harajin VAT. USSD yana da nasa cajin na naira 6.98. Akwai kuma naira 50 ta gwamnati a kan duk kuɗin da ya kai 10,000. Ba wasu kuɗi ba ne masu yawa, amma suna nuna cewa neman naira 50 ko 100 ta banki bai da fa'ida sosai. Ga masu irin wannan ƙarfi, gara mutum ɗaya a layi ko a majalisa ya tattara ya tura gaba ɗaya, ya aiko da sunayen.

Masu POS su ne bankin mafi yawan mata a cikin gida da mutanen ƙauye. Ku je ku sami biyu ko uku da aka yarda da su, ku manna takarda mai sunan ƙungiya da lambar asusu a rumfarsu, ku roƙe su ragi a caji in za su iya. Sai dai ku sani alat ɗin zai zo da sunan mai POS, ba na mai bayarwa ba. Don haka a ce wa mutum ya karɓi rasit, ya kira layin ƙungiya ko ya turo tes da sunansa da adadin.

'Yan uwa da ke Saudiyya ko Ingila za su tambayi hanyar biya da kati. Kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave suna ba ƙungiya mai rajista shafin biya, suna cire kasonsu daga kowane biya. Mutanen Maraɗi da Damagaram lambar asusun naira ba za ta amfane su ba, sun fi sabawa da Nita da Amana da Airtel Money, kamar yadda na zangon Kumasi da Nima a Ghana suka saba da tura kuɗi ta MoMo. Idan kuna da jama'a a can, ku naɗa wakili sananne, ku sanar da sunansa daga layin ƙungiya.

Mataki na uku: lambobin wa za ku tura wa

Za a kawo muku tallar lambobi dubu ɗari na mutanen Kano ko Kaduna a farashi mai sauƙi. Kada ku saya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana amfani da lambar mutum ba bisa ƙa'ida ba, kuma da yawa daga cikin layukan an sa musu shinge ta hanyar tura STOP zuwa 2442, saƙon talla ba ya shiga. Wanda ma saƙon ya shiga wayarsa, bai san ku ba, zai ɗauke ku 'yan damfara.

Lambobi 400 na mutanen da suka san ƙofar ofishinku sun fi waɗancan amfani. Ku fara da membobi, iyayen ɗalibai, tsofaffin ɗalibai, waɗanda suka taɓa bayarwa. A kowane taro a zagaya da takarda: suna, lamba, unguwa, da tambaya ɗaya, ka yarda mu riƙa turo maka saƙo? A rubuta ko mutum yana WhatsApp ko sai tes, ko kuma ba ya karatun boko sai murya. Wanda ya ce a daina, a cire shi a ranar.

Manyan masu bayarwa kuma ba a haɗa su da saƙon gama-gari. Alhajin da ya saba ba da buhu ashirin, shugaba ne zai kira shi, a gaisa, a tambayi iyali da kasuwa, a ce "Ranka ya daɗe, wata 'yar buƙata ce ta taso," sannan bayan an ajiye waya a tura masa lambar asusu. In ya ga saƙon da aka tura wa kowa da kowa na neman naira 500, zai iya ba da naira 500 ɗin ya huta.

Mataki na huɗu: rubuta saƙon

Nan ne masu rubutu da Hausa ke asarar kuɗi ba su sani ba. Shafin tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, har da tazara da aya. Amma wannan lissafi na haruffan da tsarin tes ya tanada ne tun asali, kuma babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsu. Da zarar harafi mai lanƙwasa ɗaya ya shiga, saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari da shafinsa ke ɗaukar harafi 70 kacal, idan kuma ya wuce shafi ɗaya, kowane shafi 67. Alamar naira mai layi biyu a tsakiya ita ma haka take yi, da 'yan hotunan fuska da na addu'a. Dubi wannan:

Assalamu alaikum. Burtsatsen makarantarmu ya lalace, gyara N850,000. Ba da ko N500: Banki Kaza 0000000000, Kungiyar Kaza. Rufewa 30/4/2026. Allah ya saka.

Bai kai 160 ba, shafi ɗaya ne. A mayar da K ɗin "Kungiyar" ta zama Ƙ, ya zama shafi uku. Idan mutum 1,000 za a tura wa, kuɗin saƙo 3,000 za a biya. Ni mai son a rubuta Hausa da ƙa'ida ne, amma a tes na hakura, a WhatsApp da takarda sai a rama. Abin lura kawai shi ne a sake karanta saƙon bayan an cire lanƙwasa, a canza duk kalmar da za ta rikita mai karatu.

Ku lura da abin da saƙon ya ƙunsa. Ya faɗi abu guda da ake son yi, ba "ayyukan alheri" ba. Ya faɗi jimillar da ake nema, ya faɗi ƙaramin adadin da ba zai sa talaka jin kunya ba, ya ambaci sunan da zai fito a allo. Ranar rufewa da shekararta ba ado ba ne. Saƙon neman taimako yakan yi ta yawo a zaurukan WhatsApp shekara da shekaru, har bayan an sallami mara lafiya ko ya rasu, mutane suna ta turawa. Kwanan wata ne ke kashe shi.

Kada ku sa adireshin intanet a tes, musamman irin gajerun nan, domin an daɗe ana gargaɗin mutane kada su taɓa su. Don turawa da yawa, kamfanoni irin su Termii da Africa's Talking suna yi wa ƙungiya rajistar sunan mai aikawa, wanda ba ya wuce harafi 11, sai saƙon ya zo da sunanku maimakon baƙuwar lamba. Rajistar kan ɗauki kwanaki kuma za su nemi takardar CAC, don haka a yi ta tun kafin buƙata ta taso. Irin wannan saƙo ba a iya mayar masa da amsa, sai ku tabbata mutane sun san layin da za su kira.

A WhatsApp, murya ta fi rubutu tasiri a wajenmu. Limami ko shugabar mata ta yi magana ta minti ɗaya, ta faɗi sunanta, da kwanan wata, da sunan asusu, ta karanto lambar sau biyu a hankali. Jerin aikawa na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarku, don haka a roƙi mutane su adana.

Maganar hoto tana buƙatar tsoron Allah. Hoton ciwo a buɗe ko yaro yana kuka yana jawo kuɗi, ba musu. Amma yarinyar da aka yaɗa hotonta a gadon asibiti za ta girma, za a zo neman aurenta, hoton yana nan. A nemi izinin mai ciwo ko waliyyinsa, a rufe fuskar yara, a nuna takardar kuɗin asibiti bayan an ɓoye abin da bai kamata a gani ba.

Mataki na biyar: lokaci

Saƙon gama-gari ana taƙaita shi tsakanin ƙarfe 8 na safe da 8 na dare, wanda aka tura bayan haka yakan maƙale sai gari ya waye. A azumi wannan yana da muhimmanci, domin lokacin da zukata suka fi laushi, bayan asham da daren goman ƙarshe, tes ba zai shiga ba. A tura shi da la'asar, dare kuma a bar wa WhatsApp. Safiyar Juma'a tana da kyau, haka ƙarshen wata ga ma'aikata, haka kaka ga manoma. Saƙo uku sun isa ga gidauniya ɗaya: na buɗewa, na tsakiya mai faɗin inda aka kai, da na kwana biyu kafin rufewa.

Annoba ba ta jiran tsari. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, da kuma ambaliyar Mokwa a Mayun 2025, a kwanakin farko ne hankalin jama'a ya fi karkata ga bayarwa. Ƙungiyar da a ranar za ta fara neman takardar SCUML ta makara.

Mataki na shida: karɓa, godiya da lissafi

Alat ba shaida ba ne, hoton rasit ma haka. Ana ƙirƙirar su. Kowace yamma ma'aji ya buɗe asusun ya ga abin da ya shiga da gaske, ya rubuta a littafi ko a kwamfuta: rana, suna, adadi, da aikin da aka bayar dominsa. Akwai wata damfara da ake yi wa masu gidauniya musamman. Wani zai kira cikin ladabi ya ce, "Malam, don Allah naira 5,000 na yi niyya sai na tura 50,000, a taimaka a dawo min da saura," ga hoton rasit ya turo. Kada a mayar da ko kwabo sai an ga kuɗin a bayanin banki, kuma in an gani, asusun da ya turo za a mayar wa, ba wani da zai bayar ba. Wanda ya kira da sunan ma'aikacin banki yana neman lambar sirri ko lambar da aka turo ta tes, a kashe waya.

Wata kuma ita ce a ɗauki sanarwarku, a goge lambar asusu a sa wata. Maganinta shi ne ku riƙa nanata sunan asusun a kowane saƙo, kuna cewa duk wanda ya ga wani suna daban kada ya tura. In kun ci karo da ta bogi, ku sanar da jama'a nan take daga layin ƙungiya, ku kai ƙorafi bankin da asusun yake da ofishin 'yan sanda.

Godiya ta isa ga mai bayarwa kafin ya kwana, da sunansa da adadin: "Hajiya, mun ga N2,000 na gyaran burtsatse. Allah ya saka da alheri, ya jikan mahaifa." Ita ce rasit ɗinsa. Wajen sanar da jama'a kuwa, jimilla ake faɗa, ba sunaye ba, sai wanda ya yarda, saboda da yawa sun fi son sadakarsu ta zama tsakaninsu da Ubangijinsu.

Ranar da aka ce za a rufe, a rufe. A tura saƙo cewa an tara kaza, an kashe kaza a kan kaza, har kuɗin tes da cajin banki a saka su a lissafin, kada a ɓoye. A manna rasit ɗin mai gyara a allon sanarwa, a ɗauki hotonsa a sa a zaure, tare da ɗan bidiyon ruwa yana zuba. In kuɗin bai kai ba, a faɗi haka, a faɗi abin da za a yi da wanda ya samu.

Rarar kuɗi ita ce ta fi haddasa gutsiri-tsoma, musamman a gidauniyar mara lafiya: an tara miliyan uku, aiki ya ci biyu, ko kuma Allah ya yi masa rasuwa kafin a shiga da shi. Iyali za su ce nasu ne, kwamiti zai ce na jama'a ne. A yanke wannan tun ranar farko, a zauna da iyalin da wani malami, a rubuta, a sa hannu, kuma a faɗa a saƙon murya na buɗewa cewa abin da ya ragu za a ba iyali, ko za a mayar ga wani mara lafiya. A ƙarshen shekara sai a haɗa littafin da bayanin banki a ba mai binciken kuɗi, domin da su za a cike rahoton shekara da CAC ke buƙata daga kowace ƙungiya mai rajista.